Girman Taya da Amanar Rai: Muhawara a kan A-kori-kura da Aka Ɗaga

Duk wanda ya taɓa zama a bakin garejin kanikawa, ko a Kano ne ko a Damagaram, a ƙarshen bazara lokacin da hadari ya fara haɗowa daga gabas, masu motoci kuma suka shiga shirin damina, ba zai rasa jin wata mas'ala ba wadda takan raba kan jama'a gida biyu, har ka ga bakanike ya ajiye sifana, mai faci ya bar famfonsa, kowa ya matso yana kawo tasa hujja. Mas'alar kuwa ita ce: mutum yana da a-kori-kura irin Hilux ko Land Cruiser, ya riga ya kai ta an ɗaga ta, an sa mata sifirin da shokazoba masu tsawo, to, shin ya kamata ya cika aikin ya ɗaura mata manyan tayoyi irin waɗanda ake ce suna cin kowace hanya, ko kuwa ya tsaya a kan awon da masu ƙera ta suka rubuta a jikin ƙofar direba? Na daɗe ina sauraron ɓangarorin nan biyu, na kuma tabbata cewa a kowane ɓangare akwai masu hankali da sanin aiki, don haka na ga ya dace a shimfiɗa hujjojinsu a takarda bisa adalci, sa'an nan a yi tarjihi.

Kafin a shiga jayayya, wajibi ne a tantance abin da ake jayayya a kansa, kamar yadda malamai kan fara da ta'arifi kafin hukunci. Lambobin da ake gani a gefen taya ba ado ba ne. In aka rubuta 265/65R17, wanda shi ne awon da Hilux da yawa na zamanin nan ke zuwa da shi, ma'anarsa faɗin taya milimita 265 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 ne na wannan faɗin, wilin da take hawa kuma inci 17 ne. In ka haɗa lissafin, tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama zai kama milimita 776. Ɗaya daga cikin waɗanda masu neman ƙari kan saya ita ce 285/70R17, wadda tsayinta ya kai milimita 831, watau ta fi ta farkon da milimita 55, ko kuwa kashi 7 cikin 100. Akwai kuma masu zarcewa zuwa taya mai inci 35, wadda ta ɗara ta asali da kimanin kashi 14. Game da zane kuwa, tayoyin irin waɗannan motoci kashi uku ne: mai alamar H/T ta kwalta ce, mai alamar M/T ta taɓo ce mai manyan haƙora, ta tsakiyarsu kuma mai alamar A/T ita ce ake nufi da mai cin kowace hanya, irin wadda kamfanin BFGoodrich na Amurka ya fito da ita a 1976, sauran kamfanoni suka bi sawu.

Masu goyon bayan babbar taya sukan buɗe da hujjar da, a ganina, ta fi duk hujjojinsu ƙarfi. Suna cewa ɗaga mota da sifirin, bodi kawai yake ɗagawa da firam ɗinta, amma aksul ɗin baya, da tukunyar giyar nan da ke tsakiyarsa, suna nan inda suke, domin a kan taya suke zaune, ba a kan sifirin ba. Ko da za ka ɗaga bodin da kamu guda, tukunyar nan ba za ta tashi da ko faɗin yatsa ba, ita ce kuwa take fara dukan dutse, ita ce take zama a kan tudun da ke tsakanin sawun manyan motoci har ƙafafu huɗu su riƙa juyawa a banza. Babu abin da ke ɗaga ta sai taya mai tsawo. Wanda ya koma 285/70R17 ya sami ƙarin milimita 27 a ƙarƙashin aksul, wanda ya koma inci 35 ya sami fiye da santimita 5. Mai jin wannan a birni zai raina shi, amma wanda ya taɓa bin hanyar burji bayan tireloli sun yanka ta da damina ya sani cewa tsakanin wucewa da kwana a daji sau da yawa bai fi faɗin yatsu biyu ba. Saboda haka suke cewa wanda ya ɗaga mota bai ƙara taya ba, ya ɗauki ɗawainiyar tsawo ya bar amfaninsa.

Hujjarsu ta biyu ta rairayi ce, kuma sukan kafa ƙiyasi da raƙumi. Ayarin gishiri da ke tashi daga Agadas ya ratsa hamadar Tenere ya bi ta Fashi zuwa Bilma, tafiyar fiye da kilomita 500, bai dogara da ƙarfin raƙumi kaɗai ba, ya dogara da tafin ƙafarsa mai taushi wanda ke bajewa idan nauyi ya hau shi, ya hana shi nutsewa inda kofaton doki zai lume. Taya ma haka take: idan aka rage mata iska, sai ta kwanta, wurin da take taɓa ƙasa ya ƙara tsawo, nauyin mota ya rarrabu. Wannan dabara tsohuwa ce, domin Bagnold, hafsan sojan Ingila da ya riƙa ratsa saharar Masar da Libiya da ƙananan motocin Ford wajen 1930, da ita ya hau tuddan yashin da ake ganin mota ba ta hawa. Taya mai tsawon gefe tana da wurin kwanciya, ana iya rage iskarta zuwa rabin ta kwalta ba tare da wili ya ciji roba ba, alhali gajeriya ba ta da wannan sarari. Direbobin da suka riƙa jigilar ruwa da abinci zuwa Jado bayan da aka sami zinariya a can a 2014, da masu bin tuddan yashin Yusufari a Yobe, ba sa bukatar a karanta musu wannan a littafi.

Ta uku ita ce ƙarfin jiki. Tayoyin A/T masu alamar LT an yi su da gefe mai kauri da zane mai zurfi, suna jure kaifin dutse da kututturen da manomi ya sare ya bari a bakin gona, da ƙayar da ke huda tayar kwalta kamar ana huda ƙwarya. Suna kuma ɗaukar nauyi fiye da na ƙananan motoci: lambar 112 da ke kan tayoyi da yawa na asali tana nufin kilo 1,120 ga kowace taya, lambar 121 kuwa da ake samu a kan manyan tana nufin kilo 1,450, muddin an hura musu iskar da ta dace da lodin. Ga ɗan kasuwar da ke ɗauko buhunan masara daga ƙauye, ko ma'aikacin lafiyar da ke kai allurar rigakafi rugagen da ke bayan fadama, ko mai hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu, faci ɗaya da aka tsallake yana iya zama yini guda da aka tsira da shi. Daga nan sukan rufe da misalin tsibirin Aislan, inda tun 1990 kamfanin Arctic Trucks ke ɗaura wa Hilux da Land Cruiser tayoyi masu inci 35 da 38 har 44 domin tafiya a kan dusar ƙanƙara, su ce in babbar taya ɓarna ce tsantsa, da mutanen da ransu ya rataya a kanta ba su riƙe ta shekara da shekaru ba.

Masu inkari ba sa musun ko ɗaya daga cikin lissafin nan. Abin da suke cewa shi ne an faɗi riba an ɓoye uwar kuɗi. Mota, in ji su, jiki guda ce wadda masu ƙera ta suka auna gaɓoɓinta da juna, kuma tsayin taya yana cikin ma'aunin da aka gina giya da birki da sitiyari a kansa. In ka canja shi, ka taɓa dukkansu ko ka sani ko ba ka sani ba. Taya mai tsawo kamar doguwar sanda ce da ƙasa ke riƙe da bakinta: ƙarfin da injin ke turawa yana isa ƙasa a raunane da gwargwadon ƙarin tsawon. Motar da giyar aksul ɗinta take 4.10, idan aka ƙara mata taya da kashi 7, sai ta koma tamkar mai 3.83, ta yi nauyin tashi, ta riƙa neman ƙaramar giya a hawan da da take wucewa da babba, kuloci ya riƙa shan wahala duk lokacin da aka tashi da lodi. Ƙarin nauyin robar da zurfin zanenta kuma suna ƙara shan mai, wanda tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023 ya daina zama abin da mai mota zai kau da kai daga gare shi.

Abin da ya fi wannan hatsari, a cewarsu, shi ne birki, domin hukuncin da ya hau injin shi ne ya hau birki. Ƙarfin da birki ke kamawa da shi bai ƙaru ba, amma sandar da yake kokawa da ita ta ƙara tsawo, nauyin da ke juyawa kuma ya ƙaru, don haka takun da da yake tsayar da mota a nan, yanzu sai ya tsayar da ita a can gaba. A lokaci guda kuma maleji ya shiga yi wa direba ƙarya, domin shi juyin taya yake ƙirgawa, bai san an canja ta ba: yana nuna 100 alhali motar tana gudun 107, in kuwa inci 35 ce tana gudun 114. Ga birki ya raunana, ga gudu ya ƙaru a ɓoye, ga zanen A/T wanda bisa galibi bai kai na kwalta kama jiƙaƙƙen titi ba. Abubuwa uku ke nan suka taru a kan yaron da ya tsallaka titi a bakin kasuwa. Haka kuma lissafin tafiya yakan ragu, mai mota ya ga kilomita 5,000 alhali ya yi 5,350, ya jinkirta juyen baƙin mai bisa shaidar da ba ta inganta ba.

Sa'an nan suka zo kan kifewa, wadda ita ce babbar musibar dogayen motoci. A-kori-kura tun asalinta doguwa ce, an zo an ɗaga ta da santimita 5 ko fiye, yanzu kuma ana so a ƙara wasu 3 ko 5 daga taya, sa'an nan a ɗora buhuna har su wuce kan direba, mutane kuma su zauna a kan buhunan. Duk ƙarin tsawo yana matsar da cibiyar nauyi sama, kuma motar da cibiyar nauyinta ke sama ba ta yafe wa direban da ya kauce wa rami ko akuya da sauri. Sukan tuna wa mutane abin da ya faru a Amurka, inda a watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, galibinsu a kan motocin Ford Explorer, bayan da aka ga bayan tayar yana ɓarewa ana cikin gudu, musamman a jihohi masu zafi, motar kuma ta kife, har mutane sama da 200 suka rasa rayukansu. Darasin da suke cirowa shi ne zafi da ƙarancin iska da doguwar mota idan suka haɗu, ajali suke kira. Mu kuwa zafin kwaltarmu a watan Afrilu ba ya bukatar bayani, kuma direban da ya rage iska domin yashi, ya hau titi bai mayar ba, ya haɗa ukun da hannunsa.

Akwai kuma ɗawainiyar yau da kullum, wadda kanikawa suka fi kowa saninta. Babbar taya takan goga bodi idan aka karya sitiyari gaba ɗaya ko aka faɗa rami da lodi, har sai an yanke wani wuri ko an canja wili mai turo ta waje, wannan turowar kuwa tana cin boris da gaɓoɓin sitiyari, musamman a Hilux wadda ƙafafunta na gaba ba a kan aksul guda suke ba. Ba huɗu za ka saya ba, biyar ne, domin safaya ƙarama a tsakanin manya tana wahalar da giyar aksul, ta biyar ɗin kuma sau da yawa ba ta shiga mazauninta na ƙarƙashin bodi. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙera taya a Ikko a 2008, tayoyin irin waɗannan motoci daga waje ake kawo su, kuma awon da ba a saba da shi ba ya fi tsada, ya fi wuyar samu. In ta fashe maka a ƙauye, mai facin garin yana iya samo maka irin ta kowa, amma ba zai samo irin taka ba. Wanda kuɗinsa bai kai sabuwa ba sai ya koma ga 'yar Beljiyom, wadda ta gama shekarunta a wata ƙasa, ya sayi girma ya bar lafiya, alhali araha ba ta ado.

A nan ne masu inkari kan juya hujjar rairayi ta koma kan masu ita. Suna cewa a dubi Land Cruiser ɗin da ke aikin sahara tun da aka fara ƙera irinta a 1984: tayar da aka san ta da ita 7.50R16 ce, siririya mai faɗin inci 7.5, doguwa mai kusan inci 32. Ashe abin da ke ƙetarar da mota yashi tsawo ne da sanin rage iska, faɗin da ke burge ido a gari kuwa tura yashi yake a gabansa kamar garma. A ƙasar firgi ta Barno kuma, wajen Dikwa da Gamboru, inda baƙar laka ke kama ƙafa kamar danƙo, zanen A/T yakan cika ya zama sumul cikin juyi kaɗan, girman tayar bai hana motar kafewa ba. Misalin Aislan ma, in ji su, hujja ce a kan mai kawo shi, domin mutanen can ba taya kawai suke ɗaurawa ba, sukan yanke bodi su faɗaɗa shi, su canja giyar aksul, su gyara maleji, watau su sāke gina motar a kan sabon awo. Kama da wane ba ta wane.

To, idan aka ɗora hujjojin nan a kan mizani, abin da ya bayyana gare ni shi ne ɓangarorin biyu ba a kan mota ɗaya suke magana ba. Na farko yana tunanin motar da rabin rayuwarta a daji take, na biyu yana tunanin wadda ke yini tsakanin Kano da Kaduna, kuma kowannensu ya yi gaskiya a kan tasa. Na ji wani dattijon bakanike, da wani mai mota ya zo masa da wannan bukata, bai ce masa i ko a'a ba, sai ya ce, “Alhaji, ina kake zuwa da ita, me kuma kake ɗauka?” Da mai motar ya fara kwatance, sai dattijon ya shimfiɗa kwali a ƙasa ya ce, “Ranka ya daɗe, sunkuya mu duba tare.” Abin da yake nema shi ne tabo a jikin tukunyar aksul. In ta sha duka, ta yi ƙwarzane, laka ta bushe a kanta, hanya da kanta ta ba da shaidar larura. In kuwa fentinta na nan kamar ranar da ta fito, to, abin da ke damun mai ita sha'awa ce. Ban ga alƙalancin da ya fi wannan ba, domin ya ɗauke hukunci daga bakin mutum ya mayar da shi ga shaidar da ba ta son kai.

Ra'ayina ke nan: larura tana halatta ƙarin, amma ana auna ta da gwargwadonta. Wanda hanyarsa ta tabbatar da bukata, ya ƙara mataki ɗaya, abin da bai wuce kashi 7 cikin 100 ba, ya fifita tsawo a kan faɗi, ya kuma biya haƙƙoƙin da ke biye da shi ba tare da tauye ko ɗaya ba. Ya sayi biyar iri ɗaya. Ya duba lambobi huɗun nan na ƙarshe da ke gefen taya, waɗanda ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta, kamar 2523 da ke nufin mako na 25 na 2023, kada a sayar masa da tsohuwa da sunan sabuwa. Ya tabbata lambar nauyinta ba ta gaza ta asali ba. Ya sa a gyara birki ya zama ba shi da aibi, a karya sitiyari dama da hagu da lodi a kai a ga ba ta goga ba, ya ajiye ma'aunin iska da famfo a cikin mota, ya kuma riƙe a ransa cewa malejinsa ragi yake yi. Wanda ya ce sai inci 35, to, ya sani ya shiga aikin sāke gini, da canjin giyar aksul da ƙarfafa birki, in kuwa ba zai iya ba, barin shi ne ya wajaba. Wanda kuma motarsa ba ta sauka daga kwalta sai ranar biki, abin da ya fi masa alheri shi ne taya mai kyau a kan awon asali, ragowar kuɗin ya sa a abin da zai amfane shi, domin kashe dukiya a kan abin da ke rage lafiyar mota israfi ne biyu a haɗe.

Dalilin da ya sa na karkata ga taƙaitawa shi ne ƙa'idar nan da malaman fiƙihu suka kafa, cewa kawar da ɓarna yana gaba da jawo amfani. Amfanin babbar taya na mai mota ne, amma ɓarnarta idan ta zo ba ta tsayawa a kansa. A ƙasarmu bayan a-kori-kura wurin zaman mutane ne: ranar kasuwa za ka gan ta ɗauke da mata da goyonsu, da tsofaffi, da almajirai, da karen mota a tsaye a kan bamba, babu ɗayansu da aka yi shawara da shi ranar da aka zaɓi taya, dukkansu kuwa sun miƙa ransu ga wanda ya zaɓa. Kafewa a laka wahala ce ta yini ɗaya wadda igiya da mutanen gari ke warwarewa, kifewa a kan titi kuwa ba ta da gyara. Saboda haka duk wanda zai tsaya gaban mai sayar da taya, ya fara sunkuyawa ya dubi ƙarƙashin motarsa, sa'an nan ya ɗaga kai ya dubi waɗanda ke hawa bayanta, ya yi ciniki da su a zuciyarsa. Allah Ya kai kowa gidansa lafiya, amin.